Kwalbar Dakta a Firjin Gwaggo

Dakta Sharifuddeen ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan saiwar marga. Ya daka, ya jiƙa, ya tace, ya ƙafar da ruwan, har buhun saiwa ya koma ɗan farin gari a gindin kwalba, wanda bai cika cokalin shayi ba. Wannan garin shi ne sinadarin da yake fata zai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Saura kawai ya gwada shi a kan ɓerayen ɗakin gwaji, ya rubuta sakamako, a ƙara masa girman da aka daɗe ana ja masa rai a kai.

To, ɗakin gwajin nasu wuta sai ta ga dama take leƙowa. Don kada zafi ya lalata garin, ya kai kwalbar gidansu a Ƙofar Atiku, ya sa a firjin Gwaggo Mariyatu mai aiki da hasken rana. Ya ce mata magani ne, kada a taɓa. Kuskurensa ke nan. A gidan malamai irin nasu, ba a taɓa jin an ajiye magani ana kallonsa ba.

Ranar gwaji ya zo ɗauka, ya tarar da kwalbar an wanke ta tas, an zuba man zaitun. Ya juya wajen Gwaggo.

"Gwaggo, ina abin da ac ciki?"

"Zainaba nib ba, ɗiyar maƙwabta, da masassara tak kada ta. Saura na dama ma yara cikin kunu."

"Wanga abu ba a san ko dahi na ba! Sai an hwara ba kusu an gani," in ji shi, yana nufin ɓerayen gwaji.

Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Kusu? 'Yan'uwanka na kwance, kai kana jinyar kusu? Kai dai boko ya gama da kai."

Ya tambayi lafiyar yaran, aka ce suna makarantar allo garau. Zainaba ma ta miƙe, har ta yi wanki. Nan take tsoro ya sake shi, kwaɗayi ya kama shi. Wa ya sani, ko sinadarin ya yi aiki?

"Ba ta sha komi ba bayan shi?"

"Ko kusa," in ji Gwaggo. "Sai dai alluran da Ladi ma'aikaciyar jinya tay yi mata, da ƙwayoyin asibiti. Amma naka na yay yi aiki, duk unguwa ta shaida. Ga mutane can zaure da kwalabensu, suna jiran ka."