Yatsan da Ya Koyi Ƙarya

Mai Agogo ne ya ƙera yatsan da hannunsa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya.

Ƙanensa, wanda a gida ake kira Auta, a waje kuma Injiniya, duk da babu makarantar da ta taɓa ba shi wannan suna, ya sayo wani ɗan injin sassaƙa mai zama a kan tebur, bai fi keken ɗinki girma ba. Kwamfuta ke ba shi umarni, shi kuma ya yi ta ƙwaƙular katako ko roba har siffar da aka zana ta fito. Matsalar Auta ɗaya ce: bai iya zane ba. Sai ya ji labarin wani abu da ake ɗaura wa injin a madadin wuƙa, ya riƙa bin saman abu yana taɓawa ɗigo bayan ɗigo, kwamfuta tana rubuta tudu da kwarin kowane wuri, har siffar abin ta zauna a fayil, a sassaƙa irinsa iya son rai. Ya zo shagon yayansa da hoton abin a waya, ya zauna a kan benci yana lallashi kamar mai neman aure.

Mai Agogo ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya dubi hoton, ya ce wannan ai bai kai cikin agogon hannu wahala ba. Ya sami ɗan gwangwanin ƙarfe, ya dasa ƙwayoyin boris a gindinsa, ya zaunar da allura mai ƙafa uku a kansu, ya danne ta da sifirin da ya ciro daga tsohon agogon bango. Da bakin allurar ya taɓa abu, ƙafa ɗaya ta ɗaga, wuta ta yanke, inji ya tsaya ya rubuta. Suka raɗa masa suna yatsa. Da shi Auta ya fara kwaikwayon mariƙan ƙofa, da murafe, da ƙananan sassan injuna da suka karye aka rasa irinsu a kasuwa. Ya yi allo ya kafa a ƙofar shago. Sunan yayansa bai samu wuri a allon ba, amma wannan bai dami kowa ba.

Matar Mai Agogo sabulu take yi a ɗakin baya. Ita ke yin mazubinta: ta fara zana adon a kan kakin zuma da tsinke da bayan cokali, sannan a kai a zuba mata. Ciwon da ya ɗauke ta bai ba ta lokacin kai na ƙarshe ba. Mai Agogo ya same shi a cikin kwali, a naɗe da tsohon ɗankwali: faifan kaki kamar tafin hannu biyu, reshe ya taso daga gefe yana lanƙwasa, ganyensa babu biyu masu kama da juna. A kusurwar hagu akwai ɗan lotsawa, inda babban yatsanta ya riƙe faifan tun kakin yana da ɗumi. In ya sa nasa yatsan a wurin sai ya yi masa kaɗan.

Kaki ba abin ajiya ba ne. Shi ya sa bayan an share makoki ya ɗauki kwalin ya kai wa Auta, ya ce a bi shi da yatsa, a sassaƙa masa a katako mai ƙarfi. Ya canza sifirin da mai laushi don kada allura ta huda kakin. Ya ja wa ƙanensa kunne a kan abu ɗaya tak: aikin zai ɗauki yini, kada a bar zafi kusa da shi. Auta ya ce haba Yaya, ai matar nan uwa ce a wurinsa.

Da hantsi ya kunna injin, ya karkato fitilar aiki mai ƙwan nan mai zafi daf da kakin don ya ɗauki hoton da zai nuna wa abokan ciniki, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle, ya tafi kallon ƙwallo.

Yatsa ba ya da ido, kuma ba ya da tausayi. Ya fara daga hagu, layi bayan layi, yana taɓawa yana rubutawa. Rabin farko ya same shi yadda ta bar shi. Daga tsakiya ganyen ya fara kwantawa, ya rubuta. Reshen ya baje, ya rubuta. Can dama babu komai sai tafki, shi ma ya bi shi a hankali ya rubuta shi da gaskiya. Kafin la'asar hagun ma ya bi sahu, kakin ya tsiyaya ta ramukan tebur ya daskare a kan siminti.

Auta ya yi rantsuwa, ya zargi fitila, ya zargi rufin kwano, ya ce ƙaddara ce. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da fara'a da katako a hammata, wai ya gyara. Ya ɗauki rabin hagu a kwamfuta ya kifa shi a dama, reshe biyu suka fuskanci juna daidai wa daida kamar ƙofar banki. Lotsawar kusurwa kuwa ya share ta, ya ce lahani ce.

Mai Agogo ya juya katakon, ya shafa kusurwar, ya ajiye. Ya ce ba wannan yake so ba. Na farkon yake so, yadda yatsa ya rubuta shi, da narkewar da komai.

"Yaya, wannan ai abin tsoro ne," in ji Auta. "Rabi ado, rabi kamar an taka kashin kaza. Yana nan a kwamfuta, ba inda za shi. In na samu sarari."

Sarari bai samu ba. Abin da ya samu shi ne kasuwa. Adon nan mai reshe biyu ya fito a murfin akwatin sarƙa, ya fito a allon lambar gida, ya fito a ƙofar shagon aski. Mai Agogo yana tafiya a titi sai ya ga rabin hannun matarsa an ninka shi biyu an shafe shi da fenti mai ƙyalli. Ya sake tambaya, aka ce mako mai zuwa. Ya sake, aka ce injin na kan aikin mutane. Daga nan bai ƙara ba. An ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Ba a dai faɗi wane rabin ba.

Ya jira, kuma mai gyaran agogo ya iya jira. Ya san ƙurar katako za ta shiga gwangwanin, ƙwayoyin boris za su dushe, kuma ya san duk garin babu wanda zai buɗe abin nan sai shi. Ranar da Auta ya kawo yatsan a cikin leda, ya ce yana tsayawa ba gaira ba dalili, Mai Agogo ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya dawo jibi.

Ya wanke shi tas. Ya goge kowace ƙwaya har ta ɗauki ido. Sannan ya ɗauki ɗan magagarinsa mafi laushi, wanda yake gyara haƙoran agogon mata da shi, ya shafi ƙafa ɗaya daga cikin ukun, shafa kaɗan, ya kuma karkatar da allurar da abin da bai kai kaurin gashi ba. Yanzu in yatsan ya taɓa abu ta sama, gaskiya zai faɗa. In ya taɓa ta gefe guda, sai ya ɗan makara kafin ya yi magana. A ado ba mai gani. A murfin da dole ya rufe, ko haƙorin da dole ya shiga cikin ɗan'uwansa, nan ne za a ji.

Shirinsa a fili yake a ransa. Zai bar Auta ya sha, har ya zo yana roƙo. Sannan ya ce masa: sassaƙa mini na farkon, ka daina sayar da na biyun, ni kuma in duba maka yatsa da kyau. Aikin minti kaɗan ne.

Tela ne ya fara dawo da wani ɗan gurbin roba na kekensa, ya ce yana shiga amma yana cije. Mai gidan burodi ya biyo baya da murfin injin kwaɓa, wanda ya zauna ta gefe uku ya ɗaga ta na huɗu kamar hular mashayi. Auta ya sake yi, ya sake fitowa haka. Ya ɗaure notuna. Ya canza bel. Ya zargi roba, ya zargi wutar lantarki, ya zargi tebur har ya sa aka zuba masa sabon siminti a ƙarƙashi. Bai taɓa ɗaukar awo ya gwada yatsan a kan abin da ya san girmansa ba, domin Auta mutum ne da ya yarda da allon kwamfuta fiye da tafin hannunsa, kuma ya yarda da yayansa fiye da duka biyun.

Yakan zo da rana, ya zauna a bencin nan, ya miƙa ledar. Mai Agogo ya sa gilashi, ya buɗe gwangwani, ya hura, ya juya shi a haske, ya rufe.

"Lafiyarsa ƙalau, Auta. Ka duba wani wurin."

Sai ya zuba masa shayi, ya zauna yana sauraron yadda mai gidan burodi ya tsaya a bakin titi ya kira shi Injiniyan ƙarya a gaban jama'a. Mai Agogo yakan girgiza kai, ya ce mutane ba su da haƙuri. Tun rasuwar matarsa abinci bai yi masa daɗi ba kamar a waɗannan watanni. Sau da yawa maganar takan zo har bakinsa, ya ga idon ƙanensa ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya ce a ransa yau ne. Sai kuma ya tuna kakin da ya kankare daga siminti da wuƙar aljihu, ya ce a'a, bai nuna ba tukuna. A ƙara masa mako guda.

Wata rana da hantsi Auta ya shigo da ɗan ƙarfinsa, har da murmushi. Ya ce ya gano bakin zaren. Wani mai gyaran kwamfuta ya tabbatar masa ƙwayar cuta ce ta shiga, ita ke murɗe lissafi. An wanke kwamfutar gaba ɗaya, an zuba mata komai sabo.

Mai Agogo yana riƙe da hantsaki, da ɗan sukurun da bai kai ƙwayar gero ba a bakinsa. Ya ajiye shi a faranti a hankali.

"Gaba ɗaya?"

"Tas, Yaya. Kamar yau aka saye ta."

"Fayilolin fa?"

"Na kwashe masu amfani. Adon reshen nan yana nan, kada ka damu, shi na fara ɗauka."

"Na farkon nake tambaya."

Auta ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi bai tuna da shi ba. Ya ce ai dama rabinsa a narke yake, kuma mai kyaun yana nan, in Yaya yana so gobe-goben nan zai sassaƙa masa babba a katako mai tsada, kyauta.

Agogunan bango suna ta tafiya, kowane da nasa lokacin, don ba duka aka gama gyarawa ba. Mai Agogo ya dubi babban yatsansa. Ya yi ƙoƙarin tuna zurfin lotsawar nan, ko ta kai rabin farce, ko ta karkata hagu ko dama, sai ya ga tun yanzu ta fara kuɓuce masa. Ya karanta littattafai da yawa a rayuwarsa, kusan duk sun yi gargaɗi a kan mai haƙa rami, kuma ya san abin da mutumin kirki zai yi a nan: ya buɗe gwangwani, ya miƙar da allura, ya ce wa ƙanensa su yafi juna. Laifin ya rabu biyu yanzu, daidai wa daida, kamar adon Auta. Ya auna wannan a ransa da gaskiya. Sai ya ga cewa shi bai karkato fitila ba, kuma bai tafi kallon ƙwallo ba.

Auta ya zaro ledar daga aljihu, ya ce tunda an wanke kwamfuta, bari Yaya ya ɗan sake duba yatsan, don a fara da sabon shafi. Akwai wani babban aiki da ya samu da ƙyar, in wannan ma ya lalace, sai dai ya sauke allo.

Mai Agogo ya karɓa. Ya sa gilashi, ya buɗe, ya hura. Ƙafar da ya shafa tana nan tana ƙyalli, ita kaɗai ta fi sauran gajarta da abin da shi kaɗai ya sani. Ya mayar da murfin, ya ɗaure shi da kyau, ya goge gwangwanin da gefen rigarsa, ya miƙa.

"Lafiyarsa ƙalau, Auta," in ji shi. "Zauna ka sha shayi."