Faifan Da Mama Ta Kai Coci

Ƙanena Cleophus shi ke jan waƙa a cocinmu na garin Macon, kuma in ya buɗe baki har tsofaffi sai an yi musu fifita. Abin da Mama ba ta sani ba, ɗan nata ya saci jiki ya je birni an buga masa faifan buluz, kiɗan mashaya, da sunan bogi wai Rudy Vell. Karin waƙoƙin coci ya kwasa, duk inda ake ambaton Ubangiji sai ya cusa sunan budurwa. Mama kuwa ta sha faɗa: duk ɗan da ya yi wa Shaiɗan waƙa, ya gama cin abinci a teburinta.

Ranar da ya kawo faifan, muna falo mun ɗora masa allurar garmaho ke nan sai ga takun Mama a baranda. Cleophus ya daskare kamar gunki. Ni kuwa na kai hannu na murɗa maɓallin garmahon, na rage gudunsa daga arba'in da biyar zuwa talatin da uku. Nan take siririyar muryarsa ta koma ta wani ƙaton tsoho mai nishi, kalmomin duk sun narke.

Mama ta tsaya da jakarta a hannu. "Ozella, wane bawan Allah ne wannan?"

"Wani mai wa'azi ne, Mama. Daga Alabama."

"Allah sarki! Ji yadda yake kuka da zunubansa. Cleophus, ka ji masu waƙa, ba irin taka ta rawar kai ba."

Dariya ta kusa kashe ni. Amma ranar Asabar da na duba, sai na ga faifan ba ya nan. Ashe Mama ta tafi da shi taron cin soyayyen kifi na matan coci.

Ni da Cleophus muka runtuma. Mun tarar an cika harabar, ga kifi ga burodin masara, Mama tana ta tallan tsohonta na Alabama. Dattijo Purvis mai kula da garmahon coci, mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba ka haushi. Da Mama ta miƙa masa, ya ga ƙaramin faifai ne mai babban rami, ya saita shi a gudunsa na gaskiya.

Wayyo! Ganga ta tashi, kakaki ya amsa, muryar Cleophus ta fito tar tana roƙon wata Lurleen ta buɗe masa ƙofa. Babu wanda bai gane ta ba. Matar Fasto ta shaƙe da ƙayar kifi. Wata tsohuwa ta ce "Amin!" don sabo, sannan ta toshe bakinta. Shi kansa Purvis na ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin tebur, munafuki.

Mama ba ta ce a kashe ba. Ta saurara har allura ta kai ƙarshe, sannan ta juyo. Gaskiya na ji tausayin yaron, gumi har a gira.

"Cleophus."

"Na'am, Mama."

"Ta buɗe maka ƙofar?"

"A'a, Mama. Babu ma wata Lurleen, ƙirƙiro ta na yi."

"Babu ita?" Mama ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. "Tun kana ɗan mitsitsi kake yi wa Ubangiji waƙa, ban taɓa jin ka roƙe Shi haka ba. Sai macen da ko haihuwarta ba a yi ba!"

Ta zare faifan ta jefa a jaka.

"Gobe Lahadi za ka tsaya gaban jama'a ka roƙe Shi kamar yadda ka roƙi wannan yarinya. In na ji ka rage ko kaɗan, to ka je Lurleen ta dafa maka."