Gonar Gwadabe a Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja ya san Gwadabe, wanda bai san shi ba kuwa baƙo ne. Ambaliya ta ci masa gida har ya daina ƙirgawa. Wani kada ya taɓa cafke masa ƙafa, ya ɗanɗana, ya saki don kansa. Yunwar shekarun baya ta kwashe sa'o'insa ta bar shi tsaye. Bai taɓa zama a aji ba, kuma shi da bakinsa yake faɗa, da ƙarfi.

To bana ruwa ya sake hawa, ya shanye shinkafar ƙauyen tun ba ta fid da kai ba. Sai aka ji wata ƙungiya za ta raba irin alkama don noman rani, amma sai wanda gonarsa ta fito a taswira. Wadda aka turo ta yi taswirar sunanta Mardiyya, 'yar cikin gari, ranar ce ma fitarta ta farko, da waya a hannu da manhajar da aka koya mata a gurguje.

"Baba, sai an kai ni gonakin," in ji ta.

"A kai ki ina? Cikin ruwa? Ina raye baƙuwa ba ta jiƙa ƙafa a garin nan."

Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaurensa, aka kawo fura da soyayyen kifi, ya tara manoma. Kowa ya zo ya faɗi gonarsa, gabas da wane, yamma da wane, ita kuma ta rubuta suna ta danna. Kafin la'asar an gama. Gwadabe ya ce ko gwamnati ba ta iya aiki da sauri haka ba.

Washegari sai ga ta ta dawo, fuska ba walwala.

"Baba, ashe wayar ba ta jin kwatance. Inda na zauna nan take sa alama. Duba, gonakin garin duk sun hau kan zaurenka."

Ya leƙa. Ɗige-ɗige ne jajaye a dunƙule wuri guda kamar ƙwan kifi.

"Dama na sha faɗa, arzikin garin nan a zaurena yake."

"An ce in ban gyara yau ba, za a cire ƙauyen daga rabon."

Gwadabe ya daina raha. Babu shinkafa, babu alkama, ya san sunan wannan shekarar, ya taɓa ganinta. Kuma furarsa ce ta jawo.

"Tashi, 'yar nan. Ƙafarki dai ba za ta jiƙe ba."

Ya ɗora ta a kwalekwale, sauran manoma suka biyo su a nasu. Ruwa ya kwanta shimfiɗe har inda ido ya gaji, sama a sama, sama a ƙasa, gajimare na ratsawa ta ƙarƙashin jirgin. Balbelu sun yi fari a kan ciyawar kachalla. Gwadabe yana dungura gora, yana laluben kunyar iyaka a ƙasan ruwa, ita kuma ta danna inda aka koya mata, wani shuɗin ɗigo ya fara tafiya a fuskar wayar yana jan zare a bayansa.

"Wannan ɗigon waye?"

"Mu ne, Baba."

"Ni ne dai. Ke fasinja ce."

Sai ya ƙara duba, gorar ta tsaya a hannunsa. A cikin wayar babu ruwa ko kaɗan. Hoto ne da aka ɗauka daga sama a wani rani da ya wuce: gonarsa kore shar, ga hanyar shanu, ga giginyar da ta faɗi tuni tana nan tsaye da inuwarta. A gefen gabas kuma wani ɗan farin abu.

Rumfar 'Yar'azumi ce, matarsa, inda take zama tana korar tsuntsaye kafin Allah ya karɓi abarsa. Jirgin yana shawagi daidai kanta. Ya kalli ruwan, sai ya ji kamar ƙarar gwangwanayen da take kaɗawa tana tasowa daga ƙasa, da muryarta tana cewa ya rage cika baki ya zo ya ci tuwo.

"Baba Gwadabe, rana fa tana tafiya!" Shu'ibu maƙwabcinsa ya ƙwalo daga baya. "Ko gonar taka ta ɓace maka ne?"

"Ta ɓace wa ubanka!"

Ya dungura gora, ya yi kwana a hankali ta bayan rumfar. Zaren ya zagayo ya haɗu da bakinsa, wayar ta yi 'yar ƙara.

"Ta shiga, Baba."

"Har da rumfar?"

"Tana ciki."

Ya gyaɗa kai, ya juya hancin jirgin wajen gonar Shu'ibu, yana faɗa wa kowa cewa tun da aka ƙera waya ba a taɓa zana gona mai kyan tasa ba.