Shanyar Gyaɗa a Kwanar Tsamiya

Ranar da aka yi sunan jikar Sulle a Rogo, ranar Ummu Hani ta rasu. Da safe lafiyarta ƙalau, har ta yi wa mijinta faɗa a kan tsohuwar hular da ya sa.

Mijin shi ne Malam Ja'afar, ƙanen Sulle, tsohon malamin kimiyya a Karaye, mutumin da ya karanta littattafai da yawa, babu wanda ya gyara masa hali a cikinsu. Yana da wata 'yar jar mota mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su buɗe kamar idon kwaɗo, shi ya sa duk Karaye Kwaɗo ake ce mata. 'Yar Kwatano ce, ya saye ta tun Ummu Hani tana goyon autarsu. Mutane suka ce motar marasa zumunci ce, tunda ba ta ɗaukar na uku. Ya ce ai dalilin sayenta ke nan.

Ɗan farinsu, Nuruddeen, a Kano yake aiki. Shi ma ya zo sunan, cikin jikar Kwaɗo: kamfani ɗaya, suna ɗaya, kujera biyu, amma fara, sabuwa fil, da allo a gaba kamar talabijin.

Asalinsu Fulanin Yammedi ne, kuma a gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa magana ido da ido. Ja'afar ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo yana raina camfi, amma bai taɓa iya furta sunan ɗansa ba. "Yaron nan" yake cewa. Ummu Hani ko wannan ba ta faɗa, sai dai "wancan". In magana ta taso, ƙanwar yaron, Rumasa'u, ake bai wa ta kai.

Bayan la'asar aka tashi tafiya. Nuruddeen ya rusuna a gefen uban.

"Baba, a ɗana tawa mana zuwa Karaye. Ni in ja Kwaɗo, a ga wacce ta fi."

Ja'afar ya dubi Rumasa'u. "Ce masa motar da ke yi wa direba tunani ba mota ba ce, mai raino ce."

"Yaya, ya ce yana so, kunya yake ji," in ji Rumasa'u.

Gaskiya ta faɗa. Tun safe yake satar kallon motar. Ya karɓi makulli.

Ummu Hani ta riga ta zauna a Kwaɗo, ta ɗaure mayafinta a haɓa saboda iska, kamar kullum.

"Inna, sauko, an yi musaya," in ji Rumasa'u.

"Ni ba na shiga motar da za ta riƙa yi mini ƙara kamar na ci mata bashi. Nan kujerata ce."

Sai da Nuruddeen ya buɗe ƙofar direba ta gane abin da ta ja wa kanta. Ta kau da fuska, ta gyara mayafi. Rabonta da zama kusa da shi haka tun yaye. Ja'afar ya hango gefen bakinta, ya ga daɗi take ji, sai ya ƙyale ta.

Har ya zauna a sabuwar ya tuna da gyaɗar. Da safe sun ga mata sun baza ta a gefen kwalta a kwanar tsamiya, kamar kowace kaka, sun tokare da duwatsu. Ya kuma san halin Kwaɗo: in ka taka mata birki a tsakiyar kwana, tayoyi su kafe, gindinta ya wuce kanta. Nuruddeen na can gaba kaɗan yana wasa da totur. Tashi kawai Ja'afar zai yi ya taka zuwa wurinsa.

"Rumasa'u, je ki ce masa akwai shanyar gyaɗa a kwanar tsamiya. Ya rage gudu tun daga nesa. In ya riga ya shiga, kada ya taka birki. Wannan ba ta da mai kama ta."

Ta tafi. Wata gwaggo ta tare ta da ƙullin alkaki, aka shiga a gai da gida, a gai da yara. Kwaɗo ta fara mirginawa. Rumasa'u ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, Baba ya ce a hankali." Nuruddeen ya ɗaga hannu yana dariya.

Suka bar Rogo, ja a gaba, fara a baya.

Sabuwar motar ta yi daɗi, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Giya na faɗawa da ɗan yatsa, inji na ja ba tari. Amma a Kwaɗo kowace tsakuwa sai ta iso tafin hannunka, wannan kuwa tace labarin hanya take yi, kamar ɗan aiken da ba ya kawo sai mai daɗi. A wata 'yar kwana ya matsa mata da gangan. Gindinta ya fara zamewa, wata fitila ta ƙifta a allo, wani abu ya kama ta ya miƙar kafin hannunsa ya motsa.

"Ka gani, Baba?" in ji Rumasa'u.

Ya gani. A irin wannan yaron ya koyi gudu. Duk kuskuren da ya taɓa yi an gyara masa kafin ya san ya yi shi. Yaron yana zaton ya iya tuƙi.

"Me kika ce masa ɗazu?"

"Na ce a hankali."

"Gyaɗar fa? Birkin fa?"

Ta fara laluben wayarta.

"Kira shi."

Ta kira. Wayar ta yi kuka a tsakaninsu, cikin aljihun motar, inda mai ita ya bar ta. Ta kira uwar. Ta uwar tana cikin jaka a but ɗin Kwaɗo, ta yi ta ringi ba wanda ya ji.

Ja'afar ya danna oda, ya ƙifta fitila. Hannu ya sake ɗagowa daga Kwaɗo, ta ƙara wuta. Ya fito zai wuce ya tare gabanta, Nuruddeen ya ɗauka tsere ya kankama, ya sauke giya ya ƙara mai. Ja'afar ya ja da baya ko yaron zai huce. Bai huce ba. Dawa tana wucewa a gefe kamar katanga. Ja'afar ya nemi addu'a ya rasa farkonta.

Saura Ummu Hani. Ta ga gyaɗar da safe. Ta san motar kamar ɗakinta. Kullum a daidai nan take cewa, "Malam, kwana." Buɗe baki kawai za ta yi. Ya zuba wa mayafinta ido. Ya ga kanta ya juya wajen ɗanta, ya ɗan daɗe a haka, sannan ya koma kallon gona.

Tsamiya ta bayyana. Mata a gindinta. Kwaɗo ta shiga kwanar ta gefe, inda gyaɗa take.

Jajayen fitilun birki suka kama.

Ja'afar ma ya taka nasa a kan gyaɗar nan dai. Feda ta yi ta rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, motar ta tsaya tsaf, ko ƙullin alkaki bai faɗo daga cinyar Rumasa'u ba. Kwaɗo tana kife a cikin dawa, taya ɗaya na juyawa. Nuruddeen ya karye a kafaɗa. Ummu Hani tana kwance nesa kaɗan, mayafinta a ɗaure a haɓa yadda ta ɗaure shi. Wata tsohuwa tana ta maimaitawa, ba da kowa take ba, "Kullum a nan muke shanya."

A zaman makoki kowa ya zama injiniya. Wasu suka ce tsohuwar mota ce ta kashe ta, wasu suka ce ƙaddara. Ja'afar ya amsa wa kowa da na gode.

Da jama'a suka ragu, Nuruddeen ya zo da hannu a rataye, ya durƙusa.

"Baba, Inna ta ɗago hannu kamar za ta taɓa ni. Sai ta fasa. Me za ta ce mini?"

Ja'afar ya waiga neman Rumasa'u. Tana cikin gida wurin mata. Ya dubi tabarma. Maganar tana nan a bakinsa tun Rogo, gajera, wadda ko ɗalibin aji ɗaya zai riƙe, kuma yanzu ba ta da sauran aikin yi:

Nuruddeen, kada ka taka birki.