Taswira Mai Ƙaho

Duk wanda ya san Armaya'u malamin gona a Tambuwal ya san jakarsa, don ba a taɓa ganinsa babu ita ba. Baƙar jaka ce ta goyo mai aljihu bakwai, kuma kowane aljihu da aikinsa. Waya a na sama cikin rigarta ta roba, fawa-banki a na kusa da ita tare da igiyar caji har biyu, wai ko ɗaya za ta yi gardama. Ga littafin rubutu a naɗe cikin leda, ga biro ɗaure da zare a jikin zif saboda ya gaji da masu aron da ba sa mayarwa, ga tef na awo da 'yar tocila da asuwaki, can ƙasa kuma ɗan ƙullin dabino. Kullum bayan sallar asuba sai ya zazzage ta a kan tabarma ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, matarsa Halimatu Sadiya tana tsokanarsa wai ko jaririnsu bai samu wannan gata ba. Abokan aikinsa ma dariya suke yi masa, sai ranar da wayar wani ta mutu a daji ka ji ana "Malam Armaya'u, don Allah taimaka."

A bazarar bana wata ƙungiya mai tallafa wa manoma, wadda ofishinta ke Sakkwato, ta ba shi aikin awon gonaki a Fakku, can cikin ƙasar Kebbe. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Akwai manhaja a waya, sai ka tsaya a kusurwar gona ka danna, ka bi iyaka da ƙafa har ka zagayo inda ka fara, ka sake dannawa. Wayar tana bin sawunka tana zana layi. Kai lambar girman gonar kawai za ka gani, taswirar kuwa sai a kwamfutar ofis take fita, kuma da ita ake yanke yawan iri da takin da za a ba kowane manomi. Armaya'u yakan danna, ya kashe hasken wayar don tattalin caji, ya jefa ta aljihun gaba kada rana ta dafa ta, sannan ya kama hanya. Gona arba'in da ɗaya ya zagaye a haka cikin mako uku, ya tura, ya dawo gida yana jin kansa.

Ranar wata Litinin Hajiya Mas'uda, shugabar aikin a shiyyar, ta kira shi ofishinta na Tambuwal. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ta juyo masa da kwamfuta.

"Malam Armaya'u, zo ka gaya mini mene ne wannan."

Ya matso ya duba. Taswirar gona ce ta taho daidai abinta, sai can a tsakiyar iyaka layin ya ɓalle ya yi waje, ya yi tsini, ya dawo ta wani gefen, ya haɗo da yankin gonar maƙwabci. Kamar ƙahon bijimi. Ta buɗe wata, ita ma haka. Ta wani manomi mai suna Namadi ma ƙaho uku gare ta.

"Goma sha bakwai ne haka," in ji ta. "Mutanen Sakkwato cewa suke kana ƙara wa mutane faɗin gona ne don a ba su taki da yawa ku raba. Ni ban yarda ba, amma ba ni da amsar ba su. Alhamis ƙarfe huɗu za su rufe rajista. In ba a kawo sabon awo mai tsabta ba, za su cire ka daga aikin, su cire gonakin nan. Kuma wannan karon tafiya ɗaya suke so, daga farawa har rufewa, babu fita babu tsayawa, don wayar tana nuna musu duk inda aka tsaya."

Armaya'u ya ji abin har cikin ƙashinsa. Shekara goma sha huɗu yana aikin gona, ba a taɓa cewa ya ci ko mudu ɗaya na wani ba, yau ga shi ana kiransa ɓarawon taki a garin da ba su ma san fuskarsa ba. Ya ce lallai wayar ce ta lalace. Hajiya ta ce to gobe za ta bi shi Fakku ta ga lalacewar da idonta.

Da hantsin Talata suna gonar Namadi. Lokacin sharar gona ne, ko'ina mutane suna tara kara suna ƙonawa, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Armaya'u ya tsaya a kusurwa ya danna, ya jefa wayar aljihu, ya bi layin gambar da ke raba gonar da ta maƙwabta. Hajiya tana biye da shi da lema a hannu.

Ba su yi nisa ba sai ga Baba Maccido, dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwar, zaune a inuwar ɗorawa kamar taku arba'in daga iyaka, yana gyaran ƙotar fartanya. Armaya'u bai ko yi tunani ba, ƙafarsa ce ta juya da kanta. Ya isa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. An kwana lafiya, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafin nan, yaya ƙafar da ke ciwo. Da suka gama ya sa takalminsa ya yanko ta gaba ya koma kan iyaka, ya tarar Hajiya tsaye inda ya bar ta, ta riƙe ƙugu.

"Malam Armaya'u, lokacin da kake gaisuwar nan, ina wayar take?"

Ya dafa aljihunsa. Ya dubi ɗorawar, ya dubi gambar, ya sake duban ɗorawar. Sai a lokacin ya gane inda ƙahonin suke fitowa.

Hajiya Mas'uda ta yi dariya har lemar ta faɗi. Shi kam bai ga abin dariya ba, lissafi yake yi. Ƙaho ukun gonar Namadi ya gane su sarai: ɗaya Baba Maccido ne, ɗaya liman ne da ya zo wucewa a kan jaki, na ukun kuwa wata tsohuwa ce da ta kira shi ya sha fura. Duk tsarin nan nasa, duk igiyar caji biyun nan, ashe gaisuwa ce ta kayar da shi.

Ya ce to daga yau zai riƙa ajiye wayar a kan iyaka ya je ya gaisa ya dawo. Hajiya ta tuna masa cewa an hana tsayawa. Ya ce to zai fara gaishe da kowa tun da safe. Ta ce wanda ya zo bayan ka fara fa? Nan dabara ta ƙare masa, don ya san kansa. Tun yana yaro ba a koya masa yadda ake wuce babba a tsaye ba.

Da kunya da komai ya koma gindin ɗorawar ya sake durƙusawa, ya warware wa Baba Maccido zancen tun daga farko. Tsohon ya ajiye ƙotar ya dube shi.

"Yanzu gaisuwar ga da kaka yi mani ita za ta hana ma Namadi taki?"

"Ita ce, Baba."

"Kai kuma su ce maka ɓarawo?"

"Sun ma faɗa."

"Wanda ya ƙera abin ga ba shi da dattijai garinsu, na gani," in ji Baba Maccido. "Tashi. Bari a yi azahar."

Ana sallame azahar tsohon ya miƙe da sandarsa a ƙofar masallaci ya ce jama'a su dakata. Ya ce daga yau har Alhamis, duk wanda ya hangi malamin gona bisa iyaka ya ɗaga wayarsa sama, to ya ɗauka ba shi nan. Kada wanda ya yi masa sallama, kada wanda ya tsaya jiran tasa. In ya sauke hannu, a kama shi a gaisa har a gaji. "Ni da nika gabanku duka na yafe tawa," in ji shi, "sai in ga wanda za ya ce tashi ta fi tawa tsada."

Haka aka yi. Armaya'u ya fito da wayar daga aljihu ya riƙe ta sama da kai, fawa-banki a jaka, igiya ta biyo ta kafaɗa. Mutanen Fakku kuwa suka samu abin wasa. Namadi da kansa ya riƙa bin sa a gefe yana "Malam an wuni lafiya? Malam ba ka ji ba?" don dai ya ga ko zai tanka, shi kuwa ya cije leɓe ya kafa ido a kan gamba. Ranar Talatar ya yi uku. Hajiya ta koma Tambuwal ta rubuta wa Sakkwato bayani, shi ya kwana a Fakku. Laraba ya yi tara, hannunsa na dama ya yi tsami har da ƙyar ya ɗaga loma. Alhamis ya rage biyar.

Ta ƙarshen ita ce gonar Batula, wata bazawara da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida, babbar gona ce da ke bakin hanyar shiga gari. Zagaye ta minti ashirin ne, kuma sabis ba ya kamawa sai an hau wani tudu da ke bayanta. Ƙarfe uku da minti ashirin ya danna. In ya yi kuskure ɗaya, babu lokacin sakewa.

Ya ci rabin iyaka, ya karyo gefen da ke bin hanya, sai wani mai babur ya tsaya ya sauke wani dattijo mai farar riga da rawani. Armaya'u yana hango shi ya shaida shi. Alhaji Ɗanmaliki ne na Sanyinna, mahaifin Halimatu Sadiya, surukinsa. Ta'aziyya ta kawo shi Fakku, kuma babu yadda za a yi ya ji sanarwar da aka yi a masallaci. Shekara tara da auren nan, Armaya'u bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarsa ba, balle ya gifta shi da takalmi a ƙafa.

Alhaji ya gane shi. Ya gyara tsayuwa ya dogara sanda, taku goma kacal daga iyaka, yana jira kamar yadda ya saba.

Ƙafar Armaya'u ta fara juyawa, ya ji ta sarai. Ya tuna Batula da 'ya'yanta shida, ya tuna sunan da aka kira shi da shi a Sakkwato. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, hannu a sama da waya, zufa tana bin bayansa, ya zo ya wuce surukinsa bai ce uffan ba. Tunda aka haife shi bai taɓa jin kunya irin ta wannan taku goman ba. Yana jin idon tsohon a ƙeyarsa har ya sha kwanar ƙarshe.

Ya rufe layin, ya danna, ya hau tudun da gudu yana haki. Sabis ya zo ya ɗauke, ya sake zuwa. Saura minti takwas huɗu ta cika awon ya tafi. Bai sauko ba sai da saƙon Hajiya Mas'uda ya shigo: duka goma sha bakwai sun shiga, babu ƙaho ko ɗaya, kuma Sakkwato sun karɓi bayaninta.

Ya yi hamdala, amma murnar ba ta zauna ba, don daga kan tudun yana hango farar rigar nan. Alhaji bai tafi ba, ya samu wani kututture a bakin hanya ya zauna. Tun daga nesa Armaya'u ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa, ya iso ya zube.

"Baba, don Allah a gafarce ni, wallahi ba..."

Tsohon ya ɗaga hannu. "Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

"Aikin ya yi?"

"Ya yi."

"To gaishe ni."

Armaya'u ya gaishe shi tun daga farko, kuma Alhaji bai rage masa ko ɗaya ba. Sai da aka tambayi hanya da gajiya da mutanen Sanyinna da shanu da jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan tsohon ya ce, "Da na ga ka wuce ni da takalmi, na ce ko dai yaron ga ya taɓu, ko abin da ke hannunai ya fi ƙarfin kunya. Na duba na ga tafiyar ba ta taɓaɓɓe ba ce, shi ya sa na zauna. Mi ya faru?"

Kansa a ƙasa ya ba shi labarin ƙahonin nan, da zargin da aka yi masa, da gonar Batula da ɗan lokacin da ya rage. Alhaji Ɗanmaliki ya saurara har ƙarshe, kafaɗunsa suna rawa a cikin riga saboda dariyar da yake dannewa. Ya dafa sanda ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Da ka tsaya mani ka bar marayu ba taki, da ka ji faɗan da ba ka taɓa ji ba," in ji shi. "Ran da za ka zo awon gonata Sanyinna, ka aiko mani tun da wuri, in shige ɗaka in rufe ƙofa har ka ƙare."