Kujerar da Ba a Sace Ba

Idan aka yi sata, wanda aka yi wa ya haɗiye, maƙwabta ba su ji ba, hukuma ba ta rubuta ba, shin an yi satar ko ba a yi ba? Har yau ba a samu wanda ya warware wannan tambaya ba. Shi kuwa Mai Aski, a kansa ta faɗo, yana zaman zamansa.

Mai Aski shi ne shugaban kwamitin layinsu. A bakin layin akwai wani allon ƙarfe da ofishin 'yan sanda ya kafa, an rubuta cewa a wannan layi ba a aikata laifi. Duk shekara ana duba ƙararrakin da aka kai, layin da sunansa bai fito ba shi ke riƙe allon. Mai Aski kan goge allon nan da safe tun kafin ya goge madubin shagonsa.

Benci ne ya fara tafiya. Da masu jiran aski suka tambaya, sai ya ce ya kai shi gyara, kuma tsayuwa ma tana da amfani ga gwiwa. Bayan benci sai fanka. Ya ce iskarta ce ke sa masa mura. Amma ranar da ya zo ya tarar da kwaɗo a karye, babu kujerar aski, sai tabon ƙafarta a ƙasa, sai da ya dafa bango. Kujera ce mai jar fata, mai juyawa, ana taka ta ta ɗaga mutum sama kamar wani babba. A wurin maigidansa da ya koya masa sana'a ya gaje ta. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya leƙa waje, ya ga wani bokiti, ya ɗauko ya kife shi a wurin.

A kan bokitin nan Tela, maƙwabcinsa, yake zaune, an aske rabin kansa, lokacin da 'yar ƙanwar Mai Aski ta shigo. Hutu ta zo daga jami'a, inda take karatun nazarin laifuffuka. Shi dai Farfesa yake ce mata don tsokana.

"Kawu, ina kujera?"

"Ta je gyara."

"Benci fa?"

"Suna tare."

Ta dubi kwaɗon da ke rataye a karkace, ta dube shi. "Kawu, sata aka yi maka."

"Rufa mana asiri, Farfesa! Ba ki ga allo ba da za ki shigo?"

Ta jingina da ƙofa, tun da babu wurin zama. Ta ce allon ba sata yake ƙirgawa ba, ƙara yake ƙirgawa. Abin farko da aka koya musu ke nan: abin da ke hannun 'yan sanda shi ne wanda aka kai musu, sauran yana can cikin duhu, kuma sau da yawa na duhun ya fi yawa. Shi ya sa masu bincike ba sa tsayawa a ofis, sukan bi mutane gida gida su tambaye su ko an taɓa yi musu wani abu.

"To ki tambaya mana," in ji Mai Aski, yana hura gashi daga bakin injin aski. "Ga mutum nan."

"Baba Tela, an taɓa yi maka sata a layin nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ko allura. Sai dai dutsen guga. Da almakashi. Da wani wando na mutane, wanda har yanzu ina ce wa mai shi ban gama kalmasa ba."

"Ka kai ƙara?"

"In kai ƙara a cire allo a ce ni ne? 'Yar nan, ɓarawo ba wanda ya san shi. Mai ƙara kuwa kowa ya san ƙofar shagonsa."

Injin ya tsaya a hannun Mai Aski. Shi duk zatonsa shi kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi saboda jama'a, har yana jin kansa wani gwarzo. Ashe gwarazan suna da yawa.

Farfesa ta ce akwai hanya ta uku. Ana tambayar mutane a asirce ko su da kansu sun taɓa ɗaukar abin wani.

"Wannan kuma rashin kunya ce," in ji Tela. Ya sunkuyar da kai don a gyara masa ƙeya, idonsa ya sauka tsakanin ƙafafunsa. Ya ƙura ido. "Mai Aski, wannan bokitin ba nawa ba ne?"

"Aro na yi."

"Wa ka tambaya?"

"Ba ka nan."

"Kawu," in ji Farfesa, tana danne dariya, "ka shiga lissafi biyu ke nan. Kana cikin waɗanda aka yi wa, kana cikin waɗanda suka yi."

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Yana aski yana saƙawa. In ya yi shiru, layi na nan da tsarkinsa, ɓarawo na nan da lafiyarsa. In ya yi magana, shi da aka zalunta shi ne zai ɓata sunan layi. Wato laifin ba ya zama laifi sai ya fito daga bakinsa. To ashe shi ne zai aikata shi? Cikin wannan tunani ya zabge wa wani direba gira guda. Masu zuwa aski suka fara raguwa, don ba kowa ke son ya biya kuɗi ya zauna a kan bokiti yana kallon gwiwoyinsa ba. Duk da haka, duk lokacin da Farfesa ta ce ya je ofis, sai ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai je ba.

Ran nan ya shiga kasuwar tsofaffin kaya neman wata 'yar kujera ko ta roba ce. Tsakanin wani firji marar ƙofa da tarin tayoyi, sai ga jar fata tana sheƙi. Dillalin kayan yana zaune a kai, ya taka ta ta ɗaga shi sama, yana juyawa a hankali yana sakace.

"Wannan kujerata ce!"

"Za ta zama taka in mun daidaita," in ji Dillali.

"Sace ta aka yi! Ga inda na ɗinke da baƙin zare. Taka ta ka ji, sai an taka sau biyu take tashi."

"Na sani, ai tun safe nake hawa. A ina aka sace ta?"

Mai Aski ya faɗi layinsu. Dillali ya yi dariya har kujerar ta zagaya da shi.

"Haba malam! Layin allo? Ai ko ni na san ba a sata a can. Ka kai ƙara?"

"A'a."

"Akwai wanda ka gaya wa?"

"Na ce musu ta je gyara."

"To ka gani. Hukuma ta ce ba a sace ba, maƙwabta sun ce ba a sace ba, kai ma ka ce ba a sace ba. Ni kaɗai kake so in ce an sace? Ni ba na jayayya da jama'a. Kuma ka hanzarta, akwai mai cire haƙori da ya taya, jibi zai dawo."

Mai Aski ya tsaya yana hango yadda za a danne mutane a kujerar maigidansa suna ihu, kujerar da ba a taɓa yin komai a kanta ba sai hira da gyangyaɗi. Bai sayi ta roba ba. Ya juya.

A ofishin 'yan sanda Sajan ya tarbe shi hannu biyu, har da miƙewa.

"Shugaba da kansa! Mutumin da ba ya ba mu wahala. Gaisuwa aka kawo mana?"

"Ƙara na kawo."

Fara'ar Sajan ta dushe. Ya leƙa waje, ya rage murya. "Shugaba, ka yi tunani. Layinku ne kaɗai abin da nake nunawa in manya sun zo. In na rubuta, za a ce laifi ya ƙaru a hannuna."

"Ba ƙaruwa ya yi ba, ranka ya daɗe. Fitowa ya yi. Farfesa ta ce wani lokaci in ƙara ta yi yawa, alama ce mutane sun yarda da ku."

"Wace Farfesa?"

"Ta gidanmu."

"Ba za ka bari sai an gama rabon allo ba? Ko mu rubuta ɓata ta yi?"

"Kujera ce, Sajan, ba akuya ba. Ba ta san hanyar kasuwa ba."

Sajan ya yi ajiyar zuciya, ya jawo biro, ya gwada shi a tafin hannu da fatan ba zai yi rubutu ba. Ya yi.

"To. Me aka sace?"

Mai Aski ya gyara tsayuwa, ya cire hula ya riƙe.

"Rubuta kujera. Jar fata, mai juyawa. Rubuta benci. Rubuta fanka." Ya share goshi. "In ka gama, ka buɗe sabon shafi. Akwai maganar wani bokiti, amma a wannan ni ne ɗaya ɓangaren."