Sojan Baba a Gurbi na Huɗu

Tun daga sunan na gane an taɓa mini kaya. Wasan kwamfutar yana da gurabe shida da yake ajiye wa mutum inda ya tsaya, kuma a gurbi na huɗu na ga an rubuta TAMBARI cikakke. Baba bai taɓa rubuta shi haka ba. Tsohuwar kwamfutar da ya saya lokacin yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, harafin I ɗinta ya mutu tun da daɗewa, don haka shekara da shekaru sunansa a wasan TAMBAR ne.

Na danna. Sojan Rumawa ya bayyana a bakin gada, daidai inda Baba ya bar shi. Sai dai wannan yana sanye da sulke mai walƙiya, garkuwarsa sabuwa, lafiyarsa cike fal. Na Baba kuwa garkuwarsa a tsage take, takobinsa ɗan guntun nan ne na farkon wasa, kuma saura ƙiris ya mutu. Baba bai iya wasan ba. Da taurin kai ya kai gadar nan, ni ina zaune gefensa tun ina firamare, ina nuna masa ta inda abokan gaba suke ɓullowa. Daga baya ɓarin jikin Baba ya shanye. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi, sojan ya tsaya a bakin gada yana jira.

Kafin tsohuwar kwamfutar ta mutu na kwashe wasan a filashi. Da na gama jami'a na samu sabuwa, sai ta ƙi shi. Da farko baƙin allo kawai take nunawa. Da ya buɗe kuma, sojan ya riƙa gudu kamar an watsa masa ruwan zafi, don injin ya fi ƙarfin wasan. Na sha wahala kafin na lallashe ta ta ɗauki kanta tsohuwa, ta rage sauri. Ranar da sojan Baba ya fito da tsagaggiyar garkuwarsa, sai da na rufe ƙofa na yi kuka. Na faɗa wa Baba ran Juma'a bayan la'asar zan kawo masa shi ya gani. Ya riƙe hannuna da na hagu, ya daɗe bai saki ba.

Yau ce Juma'ar.

Yayana Shamsuddeen yana tsakar gida yana shan fura, bai daɗe da dawowa da mota daga Shinkafi ba. Ni ba mai magana ba ce, duk gidan sun sani. Na ajiye kwamfutar a kan tabarma gabansa.

"Yaya, ina sojan Baba?"

"Ga shi nan kina gani, malama injiniya."

"Wannan ba shi ba ne."

Ya ajiye ludayin. "To, tsaya ki ji. Ba ke kinka ce in zan yi wasa in ajiye a na shida ba? Na shida na ajiye."

"Nuna mini shidan."

Ya sa yatsa mai danshin fura a kan IV, don da lambobin Rumawa aka jera guraben.

"Huɗu ke nan, Yaya."

"V ba biyar ba ce? Ga sanda guda gefenta. Biyar da guda nawa?"

"Wane gefe?"

"Gefe ai gefe ne, Suwaiba! Mutanen da ba su iya rubuta lamba ba sai sanduna, laifina ne?"

Na daure, don na tuna akwai filashi. Na ce ya ba ni shi, tunda na ga ba ya cikin jakata. Ya kalli ƙwaryar furar.

"Yana mota. Na ba yaran tasha sun goge sun zuba mani karatu da waƙoƙi. Na ɗauka kin gama da shi."

Daga nan ban san ta inda muryar ta fito ba. Na ce masa ko tambaya bai iya ba? Na ce ya share abin da Baba ya yi da hannun da ba zai sake motsawa ba, sannan ya zauna kullum ina makaranta wajen koyarwa, yana sake bin hanyar a ɓoye har gada, ya rubuta sunan Baba a kai, da dare ya yi mu ci tuwo tare yana tsokanata. Kuskuren lamba zan iya haɗiye shi. Wannan kuwa shiri ne.

"Ke, wasa ne fa! Kuma gyara na yi. Dubi sulken da na samo mashi. Ki kai mashi hakanan, tsoho ne, ba ya ganewa."

"Maimaita."

Ya kawar da kai.

"Tashi mu je. Kai za ka riƙe kwamfutar."

Baba yana jingine da matashi a ɗakinsa, an sa masa farar hularsa tun kafin lokaci. Yaya ya durƙusa ya miƙa masa allon, yana murmushin da yake yi wa fasinja in mota ta lalace a hanya. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga yatsan hagu ya taɓa garkuwar, sannan sulken. Bakinsa ya yi ta kokawa da kalmomin kafin su fito.

"Wa... ya ciyar da shi?"

Yaya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya bari.

"Nawa yana ina?" in ji Baba.

"Faɗa masa," na ce.

Ya faɗa, har da filashin, idonsa a kan tabarma. Baba bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa wajen bango, kuma da ya zage shi da ya fi mini sauƙi.

Na karɓi kwamfutar. A gaban Yaya na goge sojansa mai sulke, gurbi na huɗu ya koma wayam. Na ce ya fita, ya ja labulen.

Da muka rage mu biyu, na matso da allon, na ɗauki hannun hagun Baba na ɗora a kan maɓallan tafiya.

"Kai ka yi tafiyar, ni zan riƙe takobi. Gadar tana nan."

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, wasan yana tambayar suna. Na rubuta TAMBAR, na kai yatsa kan harafin ƙarshe, ya buge mini hannu.

Daga bayan labule Yaya ya ce, "Akwai hanyar da ta fi sauƙi ta gefen kogi."

"Ba wanda ya tambaye ka," na ce.

Sojan ya taka, ya nufi bango kai tsaye, ya yi karo da shi.